Zuwa ga Sarkin Ruwan Bakura

Taubashi, gaisuwa irin ta ubangida ga bawansa, wadda ake yi daga zaune. Ina fatan Bakura lafiya, gwaggo kuma ta samu sauƙin ƙafa.

Labari ya iso mu nan Talatar Mafara, kuma ba bakin mutum ɗaya ya kawo shi ba, cewa ranar da aka ɗauki ɗiyarka za a kai ta ɗakin miji a Maradun, sai da direba ya kashe mota. An ce amarya ta fara kukanta na al'ada, ƙawaye suna taya ta, gwaggwanni suna cewa ta yi haƙuri kowace mace da haka ta bar gida, sai aka ji wata murya mai kauri ta taso daga zaure ta danne ta kowa. Amarya ta yaye lulluɓi, ta sauko, ta durƙusa tana cewa, "Baba ka yi haƙuri, Maradun ce hwa, ba Gabas ba." Direban ya rantse tun da yake jigilar amare bai taɓa ganin inda aka rarrashi uban amarya da goro ba. Ka zubar mana da girma a gaban surukai, mu da muke cika baki muna cewa jininmu ɗaya.

Da wannan kaɗai ne da na kawar da kai, don aurar da ɗiya ba wasa ba ne. Amma kai ne fa aka sa wa Musa Ɗanƙwairo a teburin mai shayi, tun 'yan amshi ba su karɓa ba ka fara jan hanci, wai ya tuna maka da zamanin da. Wane zamanin? Bawan Allah ya rasu tun 1991, lokacin kai ko gemu ba ka tsira ba. Kai ne ka yi kiwon rago wata da watanni, ranar layya ka miƙa wa maƙwabci wuƙa ka shige ɗaki ka turo ƙofa, amma da ƙamshin hanta ya tashi kai ka fara miƙo hannu, ido jajir, baki na motsi. Fim ɗin Indiya mai fassara kuwa yaranka sun daina kallo in kana gida, don jarumar ba ta gama faɗuwa ba kai ka riga ka yi mata ta'aziyya. Ka yi kuka da ka ci adashi, ka yi kuka da ka zuba.

Saboda haka ni, da ikon da ɗan namiji yake da shi a kan ɗan mace, na naɗa ka Sarkin Ruwan Bakura. Ba sai an je fadar Sarkin Burmi neman rawani ba, tawul ya ishe ka.

Na san amsarka, don na sha jin ta: "Kai ba ka san komi ba. In niy yi kuka sai in ji an ɗauke min nauyi ga ƙirji. Likkitoci ma sun hwaɗi, hawaye na hidda dahi." To, tunda ka jawo likitoci cikin rigimarmu, na bi sawun maganar har inda ta fito, kuma ka gyara zama.

Da farko dai hawaye iri uku ne. Akwai wanda yake jiƙa ido dare da rana ba ka ma san da shi ba, da babu shi da ido ya bushe ya yi miki. Akwai wanda albasa da hayaƙin murhu da ƙurar hunturu suke tatsowa, aikinsa wanke ido. (Wannan shi ne ka gani a idona a tasha ranar da muka raka kawu, kake ta yawo da ni a gari. Ƙura ce.) Na uku shi ne naka, na zuciya, wanda masana suka ce a duk halittu ɗan Adam kaɗai aka tabbatar yana zubar da shi. Duka ukun daga wata 'yar ƙullutuwa suke fitowa a saman ido ta gefen waje, rarar kuma ta bi wata siririyar kafa ta sauka cikin hanci. Shi ya sa ba a raba kukanka da majina, kuma shi ya sa ba na aron hankicinka.

Yadda kake ɗaukar zuciya, madatsar Bakolori ce. Baƙin ciki ya taru, ya taru, ya kai maƙura, a buɗe ƙofa ruwa ya wuce, bango ya huta. A Bakolori haka ne, madatsar da aka gama a 1978 don ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 450, in ta cika dole a saki ko ta yi ɓarna. Tunani ne mai daɗin ji, kuma ba kai ka fara shi ba. Wanda ya fi yaɗa shi a zamanin nan wani masanin sinadaran jiki ne a Minnesota ta Amurka, William Frey. A farkon shekarun 1980 ya tara mutane, wasu ya sa musu fim mai sosa rai, wasu ya yanka musu albasa, ya tari hawayen kowa a kwalba ya auna. Ya ce na zuciya ya fi na albasa yawan furotin, daga nan ya yi hasashen cewa watakila kuka hanya ce ta fitar da sinadaran damuwa daga jiki. A 1985 ya fitar da littafi, jaridu suka ɗauka, hasashe ya zama magana, magana ta yi tafiya har ta iso zaurenka a Bakura. Waɗanda suka biyo bayansa ba su iya tabbatar da zancen dafin ba. Ka ma yi lissafi da kanka: hawayen zama guda nawa ne a cokali? Rabinsa kuma ta hanci yake bi ya koma maƙogwaro ka haɗiye abinka. Wane dafi ne ake fitarwa a sake sha?

Frey ɗin ya kuma ƙirga yawan kukan mutanensa, ya samu mata suna yi kamar sau 5 a wata, maza kuwa sau ɗaya da ɗan ɗoriya. Da ya biyo ta Bakura da lissafin mazan duniya ya ɓaci.

Wanda ya fi kowa zama a kan wannan batu wani farfesa ne da ya yi aiki a Jami'ar Tilburg ta ƙasar Holan, Ad Vingerhoets. Mutum ya shafe shekaru yana binciken kuka ana biyan shi albashi, kai kana yi kyauta. Shi da abokan aikinsa sun lura da wani abu mai ban dariya. In ka tambayi mutane, "Kukan da ka yi na ƙarshe, ka ji sauƙi?" mafi yawansu za su ce sun ji, kamar yadda kake cewa. Amma in ka zaunar da su a ɗakin gwaji ka sa musu fim, ka tambaye su nan take hawaye bai bushe ba, sai ka tarar masu kukan sun fi marasa kukan ƙunci. Ashe zuciya tana gyara labari bayan ƙura ta lafa. A wani bincike da suka buga a 2011, sun sa mata 97 kowacce ta riƙa rubuta halin da take ciki kullum, har aka tara kuka sama da 1,000. Kusan kashi 30 cikin 100 ne kawai aka ji sauƙi bayansa. Wajen kashi 60 babu abin da ya canja, kusan kashi 9 kuma abin ƙaruwa ya yi. Ka ji maganin naka: a cikin goma uku yake ci, ɗaya kuma ya tayar da ciwo. Mai tallar magani a kasuwar Talata da lasifika ya fi ka alƙaluma.

Don kada ka ce na ɓoye abin da ya goyi bayanka, ga shi. A 2015 wani Asmir Gračanin da su Vingerhoets sun sa wa mutum 60 finafinai masu sa kuka, 28 suka yi. Da aka gama, masu kukan rai a ɓace. Bayan minti 20 suka dawo yadda suke, bayan minti 90 kuma suka ce sun fi jin daɗi a kan kafin a fara. To ka samu ɗan abin riƙewa, amma ka lura: sauƙin ba tare da hawayen yake zuwa ba, sai an jira shi. Kai kuwa ban taɓa ganin ka cika minti 90 ba tare da ka buɗe sabon shafi ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne dalilin da ya sa wani kukan yake sanyaya zuciya wani kuma ba ya yi. A duk binciken nasu, har da wanda suka tattara labarin kuka kusan 5,000 daga ƙasashe 35, abu biyu ne suke ta dawowa. Na ɗaya, wa ke kusa da kai. Wanda ya yi kuka aka dafa kafaɗarsa aka ce sannu, shi ke tashi da sauƙi. Wanda ya yi a gaban masu yi masa dariya, ko ya ji kunya yana ta ƙoƙarin haɗiyewa, tashi yake da nauyi biyu. A binciken matan nan ma, kuka a gaban mutum ɗaya ya fi kuka a kaɗaice, ya kuma fi kuka a cikin taro. Na biyu, abin da ya jawo kukan: an warware shi, ko ka fahimci wani abu da da ya shige maka duhu, ko yana nan daram? Watau hawaye kira ne. Jariri ma kiran uwarsa yake yi, kuma makonnin farko da murya kaɗai yake yi ko ɗigo babu. In an amsa kiran, alhamdu lillahi. In ba a amsa ba, ciwon kai ne da kumburin ido.

Yanzu dubi inda kake zubar da naka. Teburin mai shayi, ɗakin kallon ƙwallo, gaban surukai, da gabana. Ni! Mutumin da Allah ya halitta musamman don ya yi maka dariya. Ka ɗauki hajarka ka kai kasuwar da babu mai saye, sannan kana ce min kana cin riba.

Akwai kuma wani binciken da ya kwatanta ƙasashe 37, ya fito a 2011. Za ka zaci inda wahala ta fi yawa nan kuka ya fi yawa. Ina! Mutanen ƙasashe masu arziki da walwala su suka fi cewa suna kuka, Nijeriya da Gana da Nefal kuwa har tsakanin maza da mata tazarar kaɗan ce. Ashe kuka ma sai da ƙoshi da sarari. Kai dai idon mutanen Suwidin gare ka, aljihun Bakura.

Mu ba haka aka raine mu ba, ka sani. Ranar kaciya abin da aka fara raɗa mana shi ne namiji ba ya kuka, wanda ya yi kuwa sai ya yi aure ana tuna masa. Maƙwabtanmu Fulani a wajen sharo, a tsula wa saurayi bulala ya ɗaga madubi yana duba fuskarsa yana murmushi. Uwa ta ga ɗan farinta a kwance rai a hannun Allah, kunya ta hana ta ko kama sunansa, sai dai ta zagaya bayan ɗaki. Muna kiran wannan dauriya, kuma tana da ranarta. Amma ba zan yi maka ƙarya ba don in ci gardama: ba duk abin da muka gada ne addini ya ɗora mana ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, aka nuna masa cewa wannan rahama ce. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da faɗin abin da Allah ba ya so. Sayyidina Abubakar an san shi da saurin kuka in yana karatu, har Nana A'isha ta kawo wannan a matsayin uzuri lokacin da aka ce ya ja salla, kuma uzurin bai karɓu ba, shi ɗin dai aka sa. A yaƙin Tabuka akwai sahabban da suka juya suna hawaye don an rasa abin hawan da za a ɗora su, Alƙur'ani ya ɗauke musu laifi a Suratut Tauba. Annabi Yakubu kuwa idanunsa fari suka yi don baƙin cikin Yusufu. Waɗannan duk maza ne, babu mai ce musu raggaye.

Kada ka washe baki. Su don Allah suka yi, da ɗa, da jihadi. Babu wanda aka ruwaito ya yi don an ci ƙungiyarsa ƙwallo a minti na ƙarshe.

A nan zan ɗan ajiye wasa, don ƙasar da muke zaune a kai ta san kukan da ba na fim ba. Madatsar nan da na kwatanta ka da ita, kakanninmu ba su tuna ta da dariya. An tashi garuruwa, an karɓe gonaki, diyya ta zama jeka-ka-dawo, manoma suka tare hanyoyin aikin kamfanin Impresit na Italiya. A ƙarshen Afrilun 1980, zamanin Shagari a Legas da Shehu Kangiwa a Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta a Birnin Tudu da kewaye. Gwamnati ta faɗi adadin da bai kai 30 ba, manoma da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Ka zauna da tsohon da ya ga ranar, zai ba ka labarin da ido a bushe ƙamas, yana tsinke tsinken tabarma. Ba don abin ya wuce masa ba. Ya yi kiran tun da daɗewa, ba a amsa ba, ya daina.

Mu ma mun ga namu. Daren 26 ga Fabrairun 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe, a ƙaramar hukumarmu. Iyaye mata sun yi kuka a ƙofar makarantar nan har murya ta dushe, ka je ka tambaye su ko akwai wadda ta ji an ɗauke mata nauyi. Sauƙi bai zo ba sai ranar 2 ga Maris da aka ce an sako yaran, ranar ma kukan aka yi, amma shi ne wanda aka yi barci bayansa. Ruwan ido ɗaya ne, abin da ya canja yaran ne suka dawo. A watan Agusta na shekarar aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta garinku, ranar 1 ga Satumba aka ɗebi ɗalibai 73 a Kaya ta Maradun. Sannan aka rufe kasuwannin mako, aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya. Ka tuna watannin nan? Mutum yana da abin faɗa, babu kasuwar da zai haɗu da ɗan'uwa, babu wayar da zai kira. A ganina wannan shirun ya ci mutane fiye da yadda ake lissafawa, kuma a lokacin ban ji kowa ya yi maka dariya ba da kake bin gidaje kana zama da iyayen yara. An ce ba ka iya cewa komai, sai dai ka zauna ka yi ta sharɓe. An ce kuma in ka tashi tafiya sukan ce ka dawo gobe. Wannan na ji, na kuma rubuta shi sau ɗaya, kada ka sa ran zan maimaita a gaban jama'a.

Saura abu guda da ya kamata masu karatu su ji, ba kai kaɗai ba. Saurin kuka a karan kansa ba ciwo ba ne, wani haka Allah ya yi shi, kamar yadda wani yake da saurin dariya ko saurin fushi. Amma in mutum ya wayi gari yana kuka ba dalili, kusan kullum, ya haura mako biyu, barci ya ƙaurace, abinci ya fita kansa, abin da yake so da ya daina burge shi, ko ya fara cewa gara ya mutu, wannan ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Haka mai jego da kuka ya ƙi sakinta, haka wanda ya faɗa hannun 'yan bindiga ya dawo yana firgita. Akwai ma wanda bayan shanyewar ɓarin jiki kuka ko dariya suke ƙwace masa ba da sonsa ba, wannan daga ƙwaƙwalwa ne, ba shagwaɓa ba, ba kuma iska ba. A yi addu'a, a kuma kai shi asibiti: ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware. Kai dai na cire ka daga wannan layi. Mai minsharin da ake ji daga bakin titi, mai tashi da malmala uku ya tambayi ƙanzo, lafiyarsa ƙalau.

Ga hukuncin fada. Tunda masana sun ce kukan da ke amfani shi ne na gaban mutum ɗaya mai tausayi, ni na fita, don ba ni da shi. Mai shayi ya fita, surukai sun fita. Ya rage maka gwaggo da uwargida, su raba kwana a tsakaninsu, Allah ya ba su lada. In ya taso maka a kasuwa, ka nemi layin masu albasa ka tsaya, ko ba komai a samu abin faɗa wa mutane. Watan cika-ciki kuma in ya kama, ka zo da tsintsiyarka ka share ƙofar gidan ubangidanka ka karɓi kuɗin shara kamar yadda aka gada, da sharaɗin in na miƙa maka ka ce na gode ka juya. Bara da ka tsaya yin godiya sai da muka sake sharar, don ƙasar ta zama laka.

Filin nan a buɗe yake in kana da martani. Ka sa yaro ya rubuta maka a takarda. Kada ka turo saƙon murya, na ƙarshen da ka aiko har yau muna sauraro ni da iyali, ba mu gane ko barka kake yi ba ko jaje.